RUWAN NOMAN RANI: WA KE SHA, WA KE BIYA?

Jawabin da kwamitin 'yan gwari ya gabatar a babban taron ƙungiyarmu na shekara, a Ikko.



 

Da aka ce kwamitinmu ya zaɓi abin da zai yi magana a kai bana, da yawa sun zaci za mu sake tayar da zancen shingayen hanya da tsadar kuɗin mota. Waɗannan suna nan, ba mu manta da su ba. Amma bana maganar ruwa muka ɗauko. Wani dattijo ma sai da ya yi mana dariya, ya ce ku da kuke zaune a garin da ruwa ya kewaye, me ya haɗa ku da kukan ruwa? To Baba, ga abin da ya haɗa mu.

A ranin da ya wuce, wata mata da ke yi wa wani babban gidan abinci sayayya, wadda ta shekara da shekaru tana ɗaukar salak da kabeji da karas a hannunmu, ta tsaya a gaban rumfa ta yi mana tambaya guda ɗaya. Ta ce, da wane irin ruwa aka yi ban-ruwan wannan ganye? Muka kalli juna. Mun san direban da ya kawo kayan, mun san dillalin da ya haɗa su, mun san kasuwar da aka yi lodi, amma ruwan, wallahi babu wanda ya sani a cikinmu. Ta ce to, ta juya, har yau ba ta dawo ba. Ruwa ba ya tsami banza. Daga nan muka zauna da 'ya'yanmu da suka karanci aikin gona, muka kuma tuntuɓi manoman da muke hulɗa da su a gida. Abin da muka gano shi ne muka kawo muku yau.

Da farko, mu san cewa mu 'yan gwari ruwa muke sayarwa. Tumatir ɗin nan da muke saukewa a Mile 12 da Sasa ta Ibadan, fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Kuma daga watan Disamba zuwa Afrilu, lokacin da kaya suka fi yawa, da ƙyar ake ganin ruwan sama a Kano. Ashe ke nan kowane kwando da aka loda a Kwanar Gafan ruwan dam ne, ko na kogi, ko na rijiya, aka ƙulla mana a cikin fatar tumatir. A duniya ma baki ɗaya, wajen kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa, gona yake tafiya.

Bari mu bi kogi ɗaya mu gani. A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama Dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano. Shi ne ke ba da ruwa ga gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da aka kafa a 1976. A 1992 aka ƙara da Dam ɗin Challawa. Kogunan nan biyu, Kano da Challawa, su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil, ya ratsa Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, ya wuce Gashuwa, ya nufi Tafkin Cadi. Ruwa ɗaya ne, amma bakunan da ke jiransa ba su ƙirguwa: mai tumatir, mai shinkafa, mai alkama, masunci, makiyayi, da birnin Kano kansa da ke sha daga ciki.

Yanzu ku dubi manoma uku da muke sayen kaya a hannunsu.

Na farko yana noma a bakin kanal ɗin gwamnati. Bisa al'adar da aka daɗe a kai, kuɗin ruwansa a kan faɗin gona ake yanke masa, kaza a kowace hekta a kowace kaka. Ba a auna yawan ruwan da ya sha. Ko ya buɗe na awa biyu, ko ya buɗe ya tafi sallar Juma'a ya wuce ɗaurin aure, kuɗin ɗaya ne. To me zai sa ya yi tattali?

Na biyu yana fadama da ƙaramin injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse, irin waɗanda suka yawaita bayan an fara shirin Fadama da taimakon Bankin Duniya a 1993. Shi ba wanda ke karɓar kuɗin ruwa a hannunsa, amma kowane bokiti da injin ya jawo, fetur ya sha. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 a cikin 'yan kwanaki. Wannan manomi ba ya buƙatar malamin gona ya yi masa wa'azin tattalin ruwa. Yana tsaye a kan kwaminsa, da ya cika zai toshe.

Na uku yana lambu a gefen Kogin Jakara, a bayan birnin Kano. Ruwansa shi ne abin da kwatocin gari suka zubar, haɗe da abin da rafin Getsi ya kwaso daga unguwar masana'antu ta Bompai. Ruwan kyauta ne, ba ya yankewa rani da damina, kuma akwai taki a cikinsa, don haka ganyensa ya fi na kowa kore da faɗi. Sai dai masu bincike na jami'o'i, har da Jami'ar Bayero, sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna samun dalma da kuromiyam, wato sinadarin da kamfanonin jima ke amfani da shi, ban da ƙwayoyin cutar ciki. Haka labarin yake a inda ruwan Sharaɗa da Challawa ke malala.

Jama'a, duk cikin ukun nan babu mugu. Kowa lissafin aljihunsa yake yi, kamar yadda mu ma muke yi. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ke biyan kuɗin ɓarnar. Na biyu shi ke biya da kansa, shi ya sa yake kiyayewa. Na farko da na uku kuwa wani ne can ke biya, wanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Wannan shi ne zuciyar maganarmu ta yau: babu ruwan banza. In ka ga ka sha kyauta, ko ka ɓata kyauta, to an rubuta bashin a kan wani.

Su wa aka rubuta wa? Mu fara da mai kanal ɗin kansa. Ruwan da ya wuce kima ba ya tafiya shi kaɗai, da taki yake tafiya. Masana sun ce a mafi yawan gonaki shuka ba ta shan fiye da rabin ƙarfin takin yuriya da aka zuba mata, sauran ya bi iska, ya bi ruwa. A ce ka sayi buhu 4 a kan Naira 40,000 kowanne. In rabi ya tafi, Naira 80,000 ke nan ka zuba a magudana da hannunka. Sa'an nan gonar da ta daɗe tana jiƙe, ruwan ƙasa ya taso, sai ta fara fitar da gishiri fari-fari kamar kanwa, amfani ya riƙa ja da baya. Shi kuma maƙwabcinsa da ke ƙarshen kanal yana can yana jiran ruwan da bai iso ba.

Sai mutanen ƙasa, wato Haɗejiya da Nguru da Gashuwa. A da, kogi kan yi ambaliya da damina ya shayar da fadama, da rani ya janye ƙasa ta sha iska. A kan wannan tsari suke shuka shinkafa, su kama kifi, su yi noman bayan ruwa, dabbobi su samu ciyawa. Da aka datse kogin aka koma sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ambaliyar ta ragu, laka ta taru, ciyawar nan kacalla ta samu wurin zama, ga kuma takin da ke gangarowa yana ƙara mata ƙarfi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa, wasu ya daina zuwa musu sam. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi, suka tarar cewa in aka haɗa noma da kamun kifi da itace, amfanin da ma'aunin ruwa ɗaya ke bayarwa a fadamun nan ya ninka wanda yake bayarwa a aikin noman rani na Kano sau da yawa. Ba muna cewa a rushe Tiga ba ne, da ita muke ci. Muna cewa ne a littafin ribar da aka rubuta, an manta da shafin asarar mutanen ƙasa.

Sai kuma mai ci. Ita matar da ta sayi salak ɗin Jakara da araha, ta biya sauran kuɗin a kemis. Araha ba ta ado. Daga ƙarshe kuma sai mu. Ku tuna shekarar 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta saboda an samu maganin ƙwari irin na fiya-fiya ya wuce kima a cikinsa. Ba kowane ɗan kasuwa ne ya zuba ba, amma kowa ya sha hukuncin. Mu kuwa a nan Kurmi baƙi ne, kuma duk abin da ya fito daga Arewa da sunanmu ake kiransa. Ranar da aka ce kayan Hausawa sun kwantar da yara a asibiti, ba wanda zai tsaya tambayar ko daga wace gona. Waɗanda suka ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021 sun san yadda ƙaramar magana ke zama gobara.

To ina mafita? A nan ne 'ya'yanmu suka nuna mana wani bambanci da ya kamata kowa ya riƙe. Ƙazantar ruwa iri biyu ce. Akwai mai fitowa ta bututu ɗaya, kamar ta kamfani. Wannan ana iya nuna ta da yatsa, a auna, a ci tara. Ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita a taron birnin Riyo na ƙasar Birazil a 1992 ita ce wanda ya ɓata shi zai biya. Mu ma muna da hukuma. Bayan an jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, daga baya a 2007 aka kafa NESREA. Sai dai mai kamfani shi ma ɗan kasuwa ne. Zai ɗora kuɗin injin tace ruwa a hannun dama, ya ɗora kuɗin tara a hannun hagu, ya duba kuma ko ma za a kama shi. Muddin tara ta fi tacewa araha, tara zai zaɓa. Saboda haka doka ba ta aiki sai ɓarna ta fi gyara tsada.

Iri na biyu ita ce ta gona. Wannan ba ta da bututu. Dubban kwamai ne, kowanne yana tsiyayar da ɗan taki da ɗan maganin feshi, ga mai wanke tankin feshinsa a kanal. Wa za ka kama? Ku tuna 2016, da tsutsar nan Sharon ta afka wa tumatir har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. Manomi ya ga jarinsa na narkewa, ya yi ta feshi safe da yamma. Ko ka tara 'yan sandan Nijeriya duka ba za su tsare wannan ba. Irin wannan ƙazanta sai dai a bi ta hanyar aljihu da ilimi.

Wasu ƙasashe sun gwada. Turai ta yi doka a 1991 da ta ƙayyade yawan takin da za a zuba a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari, da lokacin da ba a zubawa. Ƙasar Denmak ta ɗora haraji mai nauyi a kan maganin feshi daga 1996, don mai saye ya yi tunani sau biyu. Wanda ya fi burge mu shi ne na birnin New York a Amurka. An ce su gina matatar ruwa ta biliyoyin daloli. Da suka buga lissafi sai suka ga ya fi musu araha su taimaka wa manoman da ke can tsaunukan da ruwan ke fitowa da kuɗi, su gyara garkunansu, su nisanta shanu da taki daga bakin rafi. Aka ƙulla yarjejeniya a 1997. Wato na ƙasa ya biya na sama don ya bar masa ruwa da tsabta. Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi shi araha.

A gida ma an fara motsi. Dokar ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta sa ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, ko da yake sabon ƙudurin dokar ruwa ya cije a Majalisar Dattawa a 2018, aka sake gwadawa a 2020 ya sake cijewa, saboda jihohi da yawa na tsoron a ƙwace musu bakin kogunansu. A 2006 jihohi 6 da ke shan wannan kogi, wato Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Barno da Filato, sun haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da shi. A 2014 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING, na gyaran manyan ayyukan noman rani irin su Kadawa da Bakolori da kwarin Haɗejiya. Abin da ya fi muhimmanci a shirin, a ganinmu, ba siminti ba ne. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ne, inda manoma da kansu za su tara kuɗin ruwa, su yashe ƙananan kanal, su raba ruwa bi da bi. Manomi ba ya ƙin biya don rowa. Yana ƙi ne don ya sha biya bai ga gyara ba. In kuɗin na hannun mutanen da yake sallah tare da su, kuma ya ga ruwa ya iso ranar da aka ce, zai biya.

Malamanmu na nan, su gyara mana in mun yi kuskure, amma wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta, an kuma hana ƙazantar da ruwan da ke kwance. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke a kan rafukan Madina, cewa na sama zai tsare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake wa na ƙasa. Ku duba da kyau, an ba na sama haƙƙinsa, amma an sa masa ma'auni. Ma'aunin nan shi ne muka rasa.

Yanzu sai namu. Kada mu zauna muna jiran Abuja. Kwamiti na kawo shawarwari biyar a gaban taro.

Na ɗaya, daga bana kowane dillali ya riƙa tambayar inda aka noma kaya da ruwan da aka ba su, musamman ganyen da ake ci ɗanye, ya rubuta a takardar lodi. Ranar da aka sake yi mana tambayar matar nan, a samu amsa.

Na biyu, da yawa cikinmu ke ba manoma jari tun kafin shuka. Wanda ya ba da jari yana da bakin magana. A sa sharaɗi: a raba taki kashi biyu ko uku maimakon a zuba gaba ɗaya, a tsayar da feshi kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinka, kada a wanke tanki ko a jefa kwalbar magani a kanal.

Na uku, mu yarda mu ƙara wani abu a kan kwandon da aka tabbatar da tsabtar ruwansa. In mai ruwa mai kyau da mai ruwan kwata farashi ɗaya za mu ba su, mu ne muka ce wa na farko ya koma kwata. Masu manyan kantuna da gidajen abinci za su biya bambancin in suka amince da mu.

Na huɗu, mu share ƙofar gidanmu. 'Yan'uwanmu masu lambu a nan gefen gari, wajen Ojo da sauran wurare, wasunsu da ruwan kwata suke ban-ruwa. Ƙungiya ta taimaka musu da rijiya. Kafin nan su riƙa zuba ruwa a gindin shuka ban da kan ganye, su kuma dakata 'yan kwanaki kafin cira. Wannan na rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma, don haka inda ruwan kamfani ke bi a bar shuka abin ci. Haka nan masu wanke karas a kasuwa, a daina wanke buhu goma a baho ɗaya. Mun ga yadda ciyawar ruwan nan mai kama da kainuwa ta mamaye rafukan Ikko tun 1984, tana tsayar da jiragen kwale-kwale. Ƙazantar da ake zubawa tana cikin abin da ke ciyar da ita, kada mu ƙara namu.

Na biyar, sakatare ya rubuta wa 'yan majalisar yankunanmu na gida takarda da sunan ƙungiya, a nemi abu biyu: a matsa wa masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi, a kuma samar wa manoman Jakara wani ruwan kafin a ce za a kore su. Mutumin da ka hana ruwan kwata ba ka ba shi wani ba, yunwa ka ba shi.

'Yan'uwa, mun baro gida neman halal, wasunmu shekara talatin, wasu a nan aka haife su. Amma cibiyar kasuwancinmu tana binne a bakin Kogin Kano da fadamun Haɗejiya da Sakkwato. In ruwan can ya lalace, rumfar nan ta rufe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, mu kuwa namu gemun ne ma ya fara hayaƙi. Muna roƙon shugaba ya sa shawarwarin nan a gaban taro kafin a tashi, a kuma zaɓi mutum uku da za su je Kura da Haɗejiya a farkon rani su zauna da shugabannin manoma.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure, a yafe mana, mu 'yan kasuwa ne ba malamai ba. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.